Ranar Da Jirgi Ya Kuɓuce: Tarihin Kayan Ceton Rai Na Matuƙan Kayak A Teku

Kayak wani ɗan siririn kwale-kwale ne mai cin mutum ɗaya, wani lokaci biyu. An rufe samansa ruf, ban da wata 'yar kafa da matuƙi ke zura ƙafafunsa ya zauna. Na teku yakan kai tsawon mita 5, faɗinsa kuwa da kaɗan ya wuce rabin mita, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Muddin mutum yana zaune a cikinsa, wannan ɗan jirgi yana iya ratsa igiyar ruwan da za ta razana babban kwale-kwale. Amma da zarar ya kife, matuƙi ya fito, hannunsa ya saki, to labari ya sha bamban. Jirgin da babu kowa a ciki ba shi da nauyi, iska kan kwashe shi da saurin da gwanin iyo ma ba zai cim masa ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sai mutum ya tsinci kansa shi kaɗai a tsakiyar ruwa, abincinsa da wayarsa da duk wani tanadi da ya yi suna can suna tafiya, yana kallo.

Tarihin kayan kariya na matuƙan kayak tarihi ne na neman mafita daga wannan hali. Wanda ya bi shi daki-daki zai ga cewa darasi guda ne ake ta biyawa da rayukan mutane: a ranar rabuwa da jirgi, abin da ke ɗaure a jikin mutum shi kaɗai ne nasa.

Mafarautan da suka ɗinke kansu da jirgi

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne da 'yan'uwansu mazauna ƙasashen ƙanƙara, daga Alaska zuwa arewacin Kanada har Girinlan. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna farauta da shi. Da yake ƙasarsu ba ta da dazuzzuka, sukan tsinci itacen da teku ya koro su haɗa ƙashin jirgin, mata kuma su ɗinka masa fatar sil, wata dabbar teku mai kitse da ta yi kama da ayu. Akan auna jirgin da jikin mai shi, kamar yadda tela ke auna riga.

Ruwan Girinlan, ko da bazara, sanyinsa bai yi nisa da na ƙanƙara ba. Babu wanda zai koyi iyo a irin wannan ruwa, don haka galibin mafarautan ba su iya ba, kuma ko sun iya ba zai yi musu wani amfani mai yawa ba. Sai suka gina dukkan dabararsu a kan manufa ɗaya, wato kada mutum ya taɓa fita daga jirginsa. Suka ƙirƙiro wata riga ta fata da suke kira tuwilik, mai haɗe da hula. Ana tsuke ta a fuska da wuyan hannu, a ɗaure bakinta na ƙasa a zoben da ya kewaye mazaunin matuƙi. Da an gama ɗauri, mutum da jirgi sun zama abu guda, ruwa ba shi da ta inda zai shiga.

Saura kuma yadda za a tashi idan an kife. Nan suka ƙware a dabarar mirginawa: mutum yana kife, kansa a ƙasa cikin ruwa, sai ya shari ruwan da filafili, ya karkata ƙugu, ya dawo sama a zaune. David Crantz, wani ɗan mishan Bajamushe da ya zauna a Girinlan, ya bayyana hanyoyi 10 na wannan juyi a littafinsa na tarihin ƙasar da ya fito a 1765. Yawan hanyoyin yana da dalili. Mafarauci na iya kifewa igiyar mashi ta naɗe masa hannu, ko filafili ya suɓuce, don haka akwai juyin da ake yi da sandar jefa mashi, akwai wanda ake yi da tafin hannu kawai. Tun suna yara ake horar da su. Gasar kayak da ake yi a Girinlan a yau tana gwada fiye da nau'i 30.

Suna kuma ɗauke da wata salka ta fatar sil da ake hura wa iska, mai suna abatak. Aikinta na asali shi ne a ɗaura ta a igiyar mashi don kada dabbar da aka soka ta nutse, amma wanda ya kife yana iya dafa ta ya tashi. Duk wanda ya taɓa ganin masuntan Argungu suna yawo a kan gora zai gane hikimar nan take.

Duk da wannan ƙwarewa, teku ya ci mafarauta masu yawa. Tsarin nasu yana da ƙarfi matuƙar mutum yana cikin jirgi, amma bai tanadi komai ba ga wanda ya fita.

Baƙo ya ari jirgi

A 1865 wani lauya ɗan Birtaniya, John MacGregor, ya sa aka ƙera masa ɗan jirgi mai rufaffen sama da ya raɗa wa suna Rob Roy, ya zaga koguna da tafkunan Turai da shi. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya sa tuƙin irin wannan jirgi ya zama abin nishaɗi. Turawa sun ɗauki siffar jirgin, amma dabarar tashi bayan kifewa ta daɗe ba ta iso gare su ba. Sai a 1927 wani ɗan Ostiriya, Edi Hans Pawlata, ya koyi mirginawa ta hanyar nazarin rubuce-rubucen da aka yi a kan mutanen Girinlan, ya shiga koyar da ita.

Labarin da ya fi nuna iyakar wannan dabara shi ne na Gino Watkins, matashin Ingila mai binciken ƙasashen ƙanƙara. A tafiyar da ya jagoranta zuwa gabashin Girinlan a 1930 da 1931, ya koyi tuƙi da mirginawa da farauta daga bakin masu abin, har ya gwanance. A ranar 20 ga Agusta, 1932, ya fita farautar sil shi kaɗai don ciyar da abokan tafiyarsa. Bai dawo ba. Abokansa suka tarar da jirginsa a kife yana yawo, suka kuma sami wandonsa da ɗamarar jirgin a kan wani falalen ƙanƙara da ke shawagi. Abin da aka fi zato shi ne ya sauka a kan ƙanƙarar, jirgin ya zame ya tafi, shi kuma ya tuɓe ya faɗa ruwa don ya kamo shi. Ba a ga gawarsa ba. Shekararsa 25.

Watkins ya iya duk abin da ake yi a cikin jirgi. Abin da ya same shi a wajen jirgi ya same shi, inda gwanintar mirginawa ba ta da wani tasiri.

Daga ɓawon itace zuwa audugar rimi

Amsar farko ga matsalar mutumin da ke cikin ruwa ta fito ne daga masu aikin ceto a gaɓar teku. A 1854 Kyaftin John Ross Ward, sufeto a ƙungiyar jiragen ceto ta Birtaniya, ya ƙirƙiro wata riga da aka jera wa guntayen ɓawon itacen kok, wanda ake toshe kwalba da shi. Ma'aikatan ba su yi maraba da ita ba, don tana da nauyi kuma tana takura mai tuƙi. Sai ranar 9 ga Fabrairu, 1861, jirgin ceto na garin Whitby ya kife cikin guguwa a gaban idon jama'a. Mutum 12 suka halaka. Wanda ya tsira shi kaɗai, Henry Freeman, shi ne ke sanye da sabuwar rigar.

A farkon ƙarni na 20 aka koma cusa wa rigunan audugar rimi, irin wadda muke cika matashin kai da ita. Zarenta yana da rami a ciki, ga wani maiƙo da ke korar ruwa, don haka ta fi ɓawon itace sauƙi da taushi. Aibinta shi ne idan ta daɗe a danne, ko man jirgi ya jiƙa ta, takan daina ɗaga mutum. Bayanta aka sami riguna masu hurawa da iska, daga baya kuma soson roba da ake amfani da shi a yau.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tono wata matsalar. An riƙa tsinto matuƙan jiragen sama a teku suna sanye da riga, suna yawo a saman ruwa, amma fuska a kife, sun mutu. Wani likitan sa barci na rundunar sojan saman Birtaniya, Edgar Pask, ya ba da kansa don a gano dalili. Akan sa shi barci mai nauyi da magani, a sanya masa riga, a jefa shi cikin kududdufin gwaji, a ga ko za ta juyo da fuskarsa sama ko za ta bar shi a kife. An maimaita wannan sau da dama, da riguna iri-iri. Daga irin wannan gwaji aka fahimci cewa dole ne mafi yawan abin da ke ɗaga mutum ya kasance a ƙirji da bayan wuya.

Wannan bambanci yana nan har gobe, kuma ya kamata mai saye ya san shi. Cikakkiyar rigar ceto, mai ƙarfin ɗagawa niyuton 150 a ma'aunin Turai, an tsara ta ne don ta juya wanda ya suma. Wadda matuƙan kayak suka fi sakawa kuwa ƙarama ce, mai niyuton 50 ko sama da haka kaɗan, don ta bar kafaɗu su yi aiki. Tana taimakon mai hankali a jikinsa, ba ta juya sumamme. Kowace iri ce, sai an ɗaure ta tamau, domin sakakkiyar riga takan haye har kunnuwa ta bar baki a cikin ruwa. Wadda aka cusa a bayan kujera da niyyar a saka in ta ɓaci, ita ce farkon abin da jirgi zai gudu da shi.

Abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki

Riga ta hana nutsewa, amma mutane ba su daina mutuwa ba. A daren da Titanic ya nutse, cikin Afrilun 1912, da yawa daga cikin mutum kusan 1,500 da suka rasu suna sanye da rigunansu, a ruwan da sanyinsa ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili. A Disambar 1963 jirgin Lakonia ya kama da wuta a arewacin tsibirin Madeira, mutum 128 suka mutu, alhali ruwan wurin bai yi kusa da sanyin ƙanƙara ba. Binciken da masanin aikin jiki William Keatinge ya yi a kan wannan haɗari ya nuna cewa sanyi ne ya kashe da yawansu. Dalili kuwa shi ne ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, don ya ninka ta wajen sau 25 a iya ɗaukar zafi.

An daɗe ana ɗora laifin duka a kan faɗuwar zafin jiki, wato ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salshiyos. Aikin Frank Golden, likitan sojan ruwan Birtaniya, da na Mike Tipton daga shekarun 1980 ya gyara wannan fahimta. Sun nuna cewa haɗarin hawa huɗu ne, kuma da yawa ba sa ma kaiwa hawa na uku.

Hawa na farko shi ne firgitar sanyi. Da fata ta ji ruwan, sai mutum ya ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba, ya shiga haki, zuciya ta hau bugu, jini ya hau. Idan kansa yana cikin ruwa a lokacin wannan jan numfashi, abin da zai shaƙa ya isa ya halaka shi. Wannan yakan lafa cikin minti 1 zuwa 3. Hawa na biyu shi ne mutuwar gaɓoɓi: jijiyoyi da tsokar hannu su yi sanyi, yatsu su kasa buɗe zif ko danna maɓalli, iyo ya gagara. Sai a hawa na uku ne zafin cikin jiki ke faɗuwa, kuma ga baligi hakan ba ya faruwa kafin rabin sa'a, ko da ruwan ƙanƙara ne. Hawa na huɗu yana zuwa ne a lokacin ceto ko jim kaɗan bayansa. Matsin ruwa yana taimaka wa jini komawa zuciya, don haka idan aka ciro wanda ya daɗe a ruwa a tsaye, jini kan zubo ƙafafu ya yanke jiki ya faɗi. Shi ya sa masu ceto suke ƙoƙarin ɗaga shi a kwance.

Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita wannan da lambobi uku masu sauƙin riƙewa, 1, 10, 1: minti 1 na daidaita numfashi, kimanin minti 10 na motsi mai amfani, da wajen sa'a 1 kafin sanyi ya gusar da hankali, ga wanda ke sanye da riga. Lambobin kan sauya gwargwadon sanyin ruwa da jikin mutum, amma jerin ba ya sauyawa.

Kafin wannan, a shekarun 1970, John Hayward da abokan aikinsa a Jami'ar Victoria ta Kanada sun auna wuraren da jiki ya fi zubar da zafi, suka ga gefen ƙirji da hamata da matsematsi suna kan gaba. Suka ba da shawarar mai riga ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ya matse hannuwa a haƙarƙari, ya zauna shiru. Idan mutane suna da yawa, su rungumi juna. Fafutuka da iyo marar dalili suna kora jini zuwa gaɓoɓi, ruwa ya kwashe zafinsa.

Daga wannan ilimi aka sami ƙa'idar da matuƙa ke maimaitawa, cewa sanyin ruwa ake yi wa shiri, ko da rana na ƙwallewa a sama. A 1952 Hugh Bradner, masanin kimiyya a Jami'ar Kaliforniya, ya ƙirƙiro matsattsiyar rigar roba mai kumfa, wadda ƙananan kumfar iskar da ke cikinta ke tare zafin jiki. Daga baya aka sami riga mai rufe jiki gaba ɗaya, mai tsuke wuya da hannu, wadda ruwa ba ya shiga sam. Idan aka duba da kyau, jikar tuwilik ce, sai dai ita tana bin mutum har cikin ruwa.

Hanyar komawa ciki

Shi kansa jirgin ya sauya. A 1975 Frank Goodman na Ingila ya ƙera wani kayak mai suna Nordkapp don wata doguwar tafiya a gaɓar Norwe. Irin wannan ƙira ce ta yaɗa abubuwan da yanzu ake ɗauka tilas: bango a gaba da bayan matuƙi da ke raba jirgin gida-gida, murafai masu hana ruwa shiga, famfon kwashe ruwa, da igiya da ta kewaye saman jirgin. Bangon yana sa jirgi ya ci gaba da yawo a kwance ko mazauni ya cika da ruwa. Igiyar kuwa ita ce abin kamawa, domin jiƙaƙƙen jirgi santsi gare shi kamar tarwaɗa.

A shekarun 1980 wata dabara ta bazu daga yammacin Amurka. Ana zura bakin filafili cikin wata 'yar jaka mai hurawa, a gicciya ɗaya bakin a bayan mazauni, sai filafilin ya zama madogari, mutum ya ɗora ƙafa ya ja jiki ya hau. Wasu sukan hau ta baya kamar mai hawan doki ba sirdi, su matso a hankali har su zauna. Ƙwararru sukan koma cikin jirgin yana kife, su mirgina su tashi. Mafi sauri kuma mafi tabbas shi ne abokin tafiya ya kamo hancin jirgin, ya zubar da ruwan, ya riƙe shi da ƙarfi har mutum ya hau.

Duk waɗannan hanyoyi sharaɗinsu ɗaya ne, wato jirgin yana hannu. Shi ya sa abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne ya fito daga kifaffen jirgi hannunsa ɗaya na kan bakin mazauni, idan kuma yana buƙatar hannu biyu ya saƙala ƙafa a ciki. Wasu sukan ɗaure kansu da jirgi da igiya a buɗaɗɗen teku, amma ana kwance ta kusa da gaɓa inda igiyar ruwa ke karyewa, don kada ta naɗe mutum. Kuma dabarar da aka gwada a kwantaccen ruwa kaɗai ba abin dogaro ba ce, tunda yanayin da ya kifar da mutum yana nan yana jiransa idan ya hau.

Kiran da za a ji

Idan komawa ta gagara, abin da ya rage shi ne a san inda mutum yake. Kan ɗan'adam a cikin igiyar ruwa bai fi ƙwarya ba, mai nema daga jirgi ko daga sama yana iya wuce shi bai gani ba.

A ranar 22 ga Maris, 1993, ɗalibai 8 da malaminsu da masu horarwa 2 suka tashi daga garin Lyme Regis a kudancin Ingila, za su yi 'yar gajeriyar tafiya a bakin gaɓa. Iska ta tura su cikin teku, jiragen suka cika da ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ba su da abin harba haske na neman agaji, kuma an yi sa'o'i kafin a sanar da masu gadin gaɓa cewa ba su iso ba. Ɗalibai 4 suka rasu. An ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya tafiyar, kuma a 1995 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni. Tun daga nan aka ƙara matsa wa matuƙa su bar wa wani a tudu bayanin inda za su, da lokacin da in ya wuce ba su dawo ba zai kira agaji.

Fasaha ma ta yi nata. A 1979 Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka amince su kafa tsarin Cospas-Sarsat, inda taurarin ɗan'adam ke sauraron kiran na'urorin neman agaji. An yi ceto na farko da shi a Satumbar 1982, bayan faɗuwar wani ƙaramin jirgin sama a yammacin Kanada. Na'urorin farko manya ne, na jiragen ruwa da na sama. A hankali suka ƙanƙance har suka dawo girman wayar hannu, suna aika lambar mai su da wurin da yake a kan zangon megahaz 406. Ga kuma rediyon oba-oba mai jure ruwa, wanda ake kiran agaji da shi a tasha ta 16.

Sai dai na'ura tana amfani ne idan hannu ya kai gare ta. A Janairun 2007 Andrew McAuley, ɗan Ostireliya, ya tashi daga Tasmaniya shi kaɗai zai ƙetare tekun Tasman zuwa Niyu Zilan, tafiyar kusan kilomita 1,600. Ya yi wata guda a ruwa, ya tsallake guguwa mai tsanani. A daren 9 ga Fabrairu masu gadin gaɓa suka ji wani kira a rediyo da ba ya fita sosai. Washegari aka ga jirginsa a kife, kimanin kilomita 55 daga gaɓa. Na'urarsa ta tauraron ɗan'adam tana cikin jirgin. Shi kuwa ba a gan shi ba har yau. Shekara 75 ke tsakaninsa da Watkins, amma abin da masu nema suka tarar iri ɗaya ne.

Saboda irin wannan ne rigar matuƙin kayak ta yau ta cika da aljihuna. A cikinsu ake saka na'urar kiran agaji, da rediyo, da usur, da fitila mai walƙiya, da madubin haska wa jirgi, da wuƙar yanke igiya, kowanne a ɗaure da ɗan zare don kada sandararrun yatsu su yar da shi. Tsarin aiki ma ya fito fili. A minti na farko mutum ya kwanta da baya, ya kare bakinsa daga ruwa, ya jira haki ya lafa. Daga nan ya yi kira tun yatsu suna motsi, kada ya jira sai ya gwada komai ya gaza. Idan jirgi ya yi nisa iska na tura shi, kada ya bi shi. Batun iyo zuwa gaɓa kuma a yanke shi da wuri: in tudu yana kusa ƙwarai kuma babu mai zuwa, a tafi tun da ƙarfi; in yana da nisa, a naɗe jiki a jira.

Ta fuskar magunguna

A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, akwai ɓangaren wannan tarihi da ya shafi aikina kai tsaye. Turawan jirgin ruwa sun daɗe suna ɗura wa wanda aka tsamo barasa da sunan ɗumama shi. Barasa tana buɗe hanyoyin jinin fata ne, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke fita. Tana kuma rage sukarin jini, ta dushe tunani.

Jiri da amai na teku su ma suna gaggauta sanyin jiki, amma magungunansu, irin su hayosin da furometazin da sinarizin, suna kawo gyangyaɗi, hayosin kuma yana iya dusashe gani. A fara gwada su a gida kafin ranar tafiya. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ya sani cewa karkarwa, wadda ita ce hanyar da jiki ke ƙera zafi, tana cin sukari, kuma idan sukari ya faɗi karkarwar kan tsaya, don haka ya saka abin zaƙi a aljihun riga. Mai asma ma abin shaƙarsa a riga zai zauna. Magungunan barci da masu kashe ciwo irin su diyazefam da tiramadol da kodin ba sa haɗuwa da ruwa ko kaɗan. Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ko hawan jini ya tattauna da likitansa tukuna, domin firgitar sanyi tana iya rikita bugun zuciya, kuma kada ya dakatar da maganinsa da kansa.

Wanda aka tsamo, a kwantar da shi, a riƙa motsa shi a hankali, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi har kai. Kada a murza masa hannu da ƙafa. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Idan ba ya numfashi, a fara da hura masa iska sannan danna ƙirji, kada a yi saurin yanke ƙauna, domin sanyi yana kare ƙwaƙwalwa, an kuma sha farfaɗo da mutanen da aka ɗauka sun tafi. Duk wanda ya shaƙi ruwa yana tari, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Kogunanmu ba su da sanyin Girinlan, kuma kaɗan ne daga cikin masu karatu za su taɓa zama a cikin kayak. Amma duk damina muna jin labarin kwale-kwalen da ya kife a kogin Kwara ko Binuwai da fasinjoji ba riga a jikinsu, kuma ruwa mai ɗumi ma yana gajiyar da gwanin iyo. Abin da mafarautan Inuwit da Freeman da Pask suka bar wa na baya ya shafi duk mai hawa ruwa: a saka riga tun a tudu, a ɗaure ta, a gaya wa wani inda za a je, abin kiran agaji kuma ya zauna a jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.